Daga Gurbin Dara zuwa Akwatin Gem: Tsokaci a kan Tarihi da Gadon Tsofaffin Na'urorin Wasan Bidiyo a Karkarar Arewacin Kano

1.0 GABATARWA

Ba mamaki wasu daga cikin mahalarta wannan taro su yi tambaya, shin me ya haɗa nazarin harshe da adabi da al'adun Hausawa da akwatin wasan yara wanda aka ƙera a Japan? Amsarmu ita ce, duk abin da ya shiga hannun ɗan Bahaushe, ya raɗa masa suna da harshensa, ya kafa masa doka, ya yi murna da ɓacin rai a kansa, to ya zama abin nazarinmu, ko daga wace ƙasa ya fito.

Abin da muke nufi da na'urar wasan bidiyo shi ne ɗan akwatin nan da ake jona wa talabijin, a cusa masa kaset ko faifai, sa'an nan a riƙa sarrafa hotunan da ke motsi a fuskar talabijin ɗin da wani abu mai maɓallai. Yara suna kiran akwatin da wasan baki ɗaya gem, abin sarrafawar kuwa hannu, rumfar da ake biya a buga kuma gidan gem. Tsofaffin na'urori a nan su ne waɗanda aka ƙera tsakanin shekarar 1972 da ta 2000. Farfajiyar nazarinmu ita ce karkarar arewacin Jihar Kano, watau ƙasashen Dawakin Tofa da Minjibir da Bici da Tsanyawa da Ɗambatta da Makoɗa.

Ra'ayin da za mu yi ƙoƙarin kafawa shi ne: an ƙera wannan na'ura domin ɗakin yaro guda, amma da ta iso karkararmu sai aka fito da ita dandali, aka ɗora mata ɗabi'un dara. A wajen zama da kallo da magana, al'adarmu ce ta rinjaye ta. A wajen kayan wasa da dokar wasa kuwa, ita ce ta rinjaye mu. A kan wannan ma'auni za mu auna gadon da ta bari.

2.0 TARIHIN KAMAR YADDA MASU SHI SUKA RUBUTA SHI

Na'ura ta farko da aka sayar domin wasa a gida ita ce Magnavox Odyssey, wadda ta fito a Amurka a 1972, bisa ƙirar injiniya Ralph Baer. Ba ta da sauti, kuma sai an manna wata leda mai zane a fuskar talabijin kafin filin wasa ya fito. A 1976 kamfanin Fairchild ya fitar da Channel F, wadda ta zo da dabarar kaset, watau a zare wasa a cusa wani ba tare da an sake akwati ba. Jagoran wannan aiki, Jerry Lawson, baƙar fatar Amurka ne. Kamfanin Atari ya ɗauki dabarar a na'urarsa ta 1977, wadda daga baya aka san ta da Atari 2600, har ya sayar da kimanin miliyan 30.

Daga nan sai kasuwar ta cika da wasanni marasa inganci, masu saye suka ja da baya. Cinikin da ya kai kimanin dala biliyan 3.2 a Amurka a 1983 ya faɗo zuwa kimanin dala miliyan 100 a 1985. A watan Satumba na 1983 Atari ya binne kaset-kaset masu ɗimbin yawa a jujin garin Alamogordo, ba a tono su ba sai a 2014.

Japanawa ne suka farfaɗo da sana'ar. Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kyoto a 1889 domin buga katin karta, ya fitar da Famicom ran 15 ga Yuli, 1983, ya kai ta Amurka a 1985 da sunan NES. An sayar da fiye da miliyan 61, kuma a kanta ne wasan Super Mario Bros. na Shigeru Miyamoto ya fito a 1985. Kamfanin Sega ya ja daga da Mega Drive a 1988. Sa'an nan Sony ya shigo da PlayStation a watan Disamba na 1994, ya maye gurbin kaset da faifai, ya sayar da fiye da miliyan 100. Ƙanwarta PlayStation 2, ta shekarar 2000, ta haye miliyan 155.

Wannan shi ne tarihin da ake maimaitawa a littattafai, kuma a namu ganin yana da naƙasu guda biyu. Na farko, tamkar jerin sunayen sarakuna ne: wane ya hau, ya yi shekara kaza, wane ya tuɓe shi. Ana raba na'urorin tsara-tsara, kamar dai da zarar sabuwa ta fito tsohuwa ta mutu a ko'ina cikin duniya. Na biyu, alƙaluman duk daga littafin cinikin kamfanoni aka ɗebo su. Abin da kamfani bai sayar da hannunsa ba, ba a ƙirga shi. To, da yake mafi yawan abin da ya iso mana gwanjo ne ko kwaikwayo, sai ya zama Kano da karkararta ba su cikin lissafin ko kaɗan, alhali kuwa an yi wasan, kuma waɗanda suka yi shi suna nan da ransu.

3.0 YADDA NA'URAR TA ISO KARKARA

Kafin mu ga yadda baƙuwar ta sauka, ya kamata mu san masaukin. Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore da J. Wilson sun bayyana ta a nazarinsu na 1965: gona tana manne da gona, ana noma mafi yawan ƙasar kowace shekara ba hutu, gidaje a warwatse cikin gero da dawa da gyaɗa. A wancan lokaci jakuna kan kai itace birni su komo da taki. Abin lura a nan shi ne, mutumin wannan karkara bai taɓa yankewa daga birni ba. Da rani yana can yana cin rani, ranar kasuwa kuma kayan birni suna zuwa masa har gida. Ta wannan tsohuwar hanya rediyo da kaset suka bi, ita kuma gem ya biyo.

Amma fa akwai shinge uku a gabansa. Na farko talabijin. Ko da yake an buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962, aka kafa NTA a 1977, Jihar Kano kuma ta buɗe CTV a zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, akwatin kallon ya daɗe yana zaman kayan gidan mai hali. Na biyu wutar lantarki, wadda garuruwa da yawa ba su da ita, inda take kuma ba ta zama. Daɗin daɗawa, na'urar da aka yi domin Japan tana shan wuta mai ƙarfin bolt 100, ta Amurka 120, tamu kuwa 230 ce. Tsarin hoton talabijin ɗinsu a lokacin NTSC ne, namu PAL. Wanda ya jona ta kai tsaye sai ya ji ƙauri. Shinge na uku kuɗi. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya cif ba. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 sai ta koma wajen naira 4 a 1987, ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati a 1993. Watau daidai lokacin da Nintendo ke cin kasuwar duniya, lokacin ne aljihun talakan Nijeriya ya tsuke.

Ta ƙofa uku aka zagaye waɗannan shingaye. Ƙofa ta farko ita ce ɗan gem na hannu mai batir biyu, wanda ba ya bukatar talabijin ko lantarki. Ƙirar Sin ne mai araha, jigon wasansa kuwa kwaikwayon Tetris ne, wasan jera tubali da Alexey Pajitnov ya ƙago a birnin Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Ƙofa ta biyu ita ce kwaikwayon Famicom da masana'antun Taiwan da Sin suka riƙa yi, aka daidaita shi da irin wutarmu da irin talabijin ɗinmu. Wani ma akan yi masa siffar PlayStation a rubuta masa PolyStation, alhali cikinsa fasahar 1983 ce. Kaset ɗinsa kan yi alkawarin wasa 9999, amma in an duba 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Ba mu kaɗai muka shiga ta wannan ƙofa ba. A Rasha ma irin wannan kwaikwayo, mai suna Dendy, shi ya cika gidaje tun daga 1992. Ƙofa ta uku ita ce gidan gem: saurayi ya sayi Sega ko PlayStation na gwanjo da tsohuwar talabijin da ƙaramin janareta, ya kafa rumfa a bakin tasha ko gefen kasuwa, ya jera benci. Akan sa wa PlayStation ɗin wani ɗan guntun ƙarfe a ciki domin ta karɓi faifan da aka kwafa. Brian Larkin, a littafinsa na 2008 a kan Kano, ya nuna yadda sana'ar kwafar kaset ta Ƙofar Wambai ta gina hanyoyin rarraba kaya har ƙauyuka; faifan gem ya amfana da irin wannan shiri da ya tarar.

Sakamakon haka shi ne, tsarin tsara-tsara ya rushe a wurinmu. A gari ɗaya, a shekara ɗaya, za a tarar da wasan 1985 a zauren wani gida, ga na'urar 2000 a rumfar tasha. Abin da Bajapane ya kira tsohon yayi, ɗan Makoɗa a lokacin ya fara ganinsa.

4.0 WASANNIN A KAN MA'AUNI

4.1 Zaɓi

Ba duk abin da aka kawo aka karɓa ba. Wasannin dogon labari, irin su Dragon Quest da Final Fantasy, waɗanda suka yi tashe a Japan, ba su sami gindin zama a rumfa ba, domin suna bukatar karatun Ingilishi ko Japananci, da sa'o'i masu yawa, da mutum guda a zaune shi kaɗai. Waɗanda suka zauna su ne masu gajeren zango, waɗanda ido ke ganewa ba sai an karanta ba, kuma mutum biyu ke iya bugawa: Mario, da Contra, da wasan tankokin yaƙi mai suna Battle City, da harbin agwagwa, da wasannin faɗa, da uwa-uba ƙwallon ƙafa. Wannan zaɓi shi kansa sharhi ne da yara suka yi ba da alƙalami ba.

4.2 Jigo da Zubi

Idan muka ɗora Super Mario Bros. a kan ma'aunin adabin baka, za mu ga ƙashin bayansa na tatsuniya ne. Dodo ya sace 'yar sarki, wani talaka ya ɗaura aniyar ƙwato ta. Tafiyar ta kasu ƙasa 8, kowace ƙasa zango 4, jimla 32. A ƙarshen kowace ƙasa daga bakwai na farko, bayan ya sha wuya ya ka da abokin gaba a kan gadar wuta, sai a ce masa ai 'yar sarkin tana wani gidan. Wannan maimaici, da ƙaruwar wuya daga zango zuwa zango, duk wanda ya tashi a gaban tsohuwa mai tatsuniya ya san shi. Lemar kwaɗin da ke ƙara wa jarumin girma, da furen da ke ba shi ikon jifa da wuta, su ne makwafin laya da guru. Har ɓoyayyun hanyoyin da ke tsallakar da mutum ƙasa uku a lokaci guda, ai wayon Gizo ke nan.

Amma akwai bambanci mai nauyi. A tatsuniya, hali ne ke jawo taimako: 'yar bora ta cuɗa wa tsohuwa baya da ladabi ta sami alheri, 'yar mowa ta yi raini ta gamu da wahala. A Mario kuwa sai ka daki tubali da ka, abin arziki ya faɗo. Babu gaisuwa, babu biyayya, babu sakayya. Darasi ɗaya da yake koyarwa, kuma ba ƙarami ba ne, shi ne naci: ka faɗi a rami ɗaya sau goma, a na sha ɗaya ka tsallake. Ta wani gefen kuma ya ba yaro abin da tatsuniya ba ta ba shi ba, domin mai sauraron tatsuniya ba ya iya sauya ƙarshenta, mai riƙe da hannun gem kuwa shi ne jarumin.

Wasannin faɗa, irin su Street Fighter II na 1991 da Mortal Kombat na 1992, sun tarar da dambe a ƙasa. Zubinsu ma ɗaya ne: mutum biyu, turmi uku, 'yan kallo a kewaye. To amma a dambe, abin da ake kira kisa shi ne ka kai abokin karawa ƙasa, kuma da zarar ya faɗi an gama, ba a ƙara masa ko da yatsa. A Mortal Kombat kuwa, bayan abokin karawa ya gaza ne ake ba ka dama ka yi masa kisan wulaƙanci, jini na tsartuwa. Ko a Amurka sai da wannan ya kai ga zaman Majalisar Dattawa a watan Disamba na 1993, aka kafa hukumar tantance wasanni bisa shekarun yara a 1994. A rumfar tasha babu mai duba wannan tambari. Ɗan shekara bakwai da ɗan ashirin benci ɗaya suke.

Ƙwallon ƙafa kuwa ya zo a kan gaɓa. Nijeriya ta ci kofin Afirka a 1994, ta je gasar duniya karo na farko a wannan shekara, ta ci zinare a Atlanta a 1996. Wasannin ƙwallo na kamfanin Konami, waɗanda aka sani da Winning Eleven da Pro Evolution Soccer, su suka riƙe gidajen gem shekara da shekaru, har bayan da Sony ya daina ƙera PlayStation 2 a farkon 2013.

4.3 Harshe

Wannan fage ne da ya kamata masana harshe su leƙa. Yaro ba ya fassara abin da ke rubuce a talabijin, nasa yake ƙagowa. Buga gem ake yi, kamar yadda ake buga ƙwallo. Wanda ya yi nasara ya ci, da aikatau ɗin nan da muke cin dara da yaƙi da jarrabawa da shi. Damar da ta rage wa ɗan wasa ita ce rai, sai ka ji an ce saura rai ɗaya. Layin da ke nuna ƙarfin ɗan faɗa jini ne, in ya ƙare an mutu. Babban abokin gaba na ƙarshen zango kuwa bos ne, kalmar da ta riga ta zauna tun zamanin finafinan Indiya da na Sin. Ke nan kalmomin aro kaɗan ne, mafi yawa faɗaɗa ma'anar kalmomin gida aka yi.

4.4 Gem da Dara

Mun zaɓi dara ta zama ma'auni domin ita ce wasan zaune na wannan karkara, wasan da ya shiga harshe har muke cewa dara ta ci gida. Ana tona gurbi 30 a ƙasa, layi 5 na gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan tsinke, wancan tsakuwa ko ƙwallon wani itace. A fara dasawa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a shiga turawa gurbi zuwa gurbi. Wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin karawa. Za mu gwada su ta fuska huɗu.

Ta fuskar abokin karawa, masu ƙera gem sun tanadi cewa yaro zai iya karawa da na'ura shi kaɗai. A karkararmu ba a ɗauki wannan wasa ba, sai dai gwaji kafin abokin wasa ya zo. Cin na'ura ba abin tutiya ba ne; cin ɗan unguwarku a gaban jama'a shi ne ci.

Ta fuskar 'yan kallo, dara ba ta cika sai da masu tsugune a gefe suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba, suna zuga wannan suna yi wa wancan ba'a. Haka gidan gem ya zama. Hannu biyu ne, amma wasan na mutum goma sha ne. Dokar layi ma ta dara ce: wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna. A waɗannan fuskoki biyu, al'adarmu ta hore baƙuwar.

Ta fuskar kayan wasa kuwa labari ya sha bamban. Dara ba ta bukatar komai sai ƙasa da yatsa da inuwar bishiya. Yaron da ke ƙera motar kara ko ta gwangwani shi ne injiniya, shi ne direba. Gem kuwa sai an saya, in ba a saya ba a biya, in janareta ya mutu wasa ya mutu. A nan ne wasan yara ya fara zama abin da kuɗi ke raba mai yi da mai kallo.

Ta fuskar doka, wannan ita ce babbar asara. Dokar dara tana bakin 'yan wasa. Kafin a fara ana iya daidaitawa, gari da gari ma akan sami 'yan bambance-bambance, in gardama ta tashi dattijon wurin ya raba. Dokar gem kuwa an rufe ta a cikin ƙarfe tun daga Kyoto ko Tokyo, ba mai iya ƙara mata ko rage mata. Togaciya ɗaya da ta cancanci yabo ita ce Battle City na kamfanin Namco, na 1985, wanda ya ba ɗan wasa damar ya gina filin yaƙinsa da kansa, ya jera tubali da ruwa da ƙarfe inda ya so. A duk cikin kaset ɗin, wannan ne ya fi kusa da tona gurbi.

5.0 ZARGI DA GADO

Sau da yawa mukan ji ana cewa gem ne ya kashe wasannin dandali. Mu a namu ganin an ɗora masa kayan da ba nasa kaɗai ba. Dandali ya fara yin sanyi tun kafin isowarsa, saboda dalilai da dama: shirin ilmin firamare na bai-ɗaya na 1976, da rediyo mai kaset, da gidajen kallon bidiyo, da finafinan Hausa da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990, da kuma wa'azin da ya hana cakuɗuwar samari da 'yan mata da dare. Babbar hujjarmu ita ce 'yan mata. Gidan gem wurin maza ne. Yarinya iyakarta bakin rumfa da farantin talla. Amma duk da haka gaɗa ta ja baya kamar yadda langa ta ja baya. Da gem ne makashin, da gaɗa ta tsira. Lura kuma da cewa tun a 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya ga bukatar tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a rubuce, shekara guda kafin a sayar da na'ura ta farko a duniya.

Wannan ba ya nufin mun wanke shi tas. Kukan iyaye gaskiya ne: yaro ya tsere wa makarantar allo ko aikin gona, ya taɓa kuɗin aike, kuma dokar nan ta wanda aka ci shi zai biya ƙofa ce da ke kusa da caca.

Gadon da tsofaffin na'urorin suka bari, a taƙaice, iri uku ne. Na farko sana'a: gidan gem ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da gidan kallon ƙwallo da rumfar cajin waya a matsayin abin da saurayi mai ƙaramin jari ke iya kafawa a garinsu. Na biyu sabo da na'ura. Yaron da ya saba hura kaset, da ɗaure waya, da kwance hannun gem ya goge shi ya mayar, bai ji tsoron wayar salula ba da ta zo a 2001. Na uku ɗanɗano: gajeren wasa, na mutum biyu, a gaban jama'a, shi ne har yanzu abin so, ko da wasan ya koma cikin waya.

Abin takaici shi ne ba mu ajiye komai ba. A ƙasashen da aka ƙera su, da tsohuwar zuma ake magani: Nintendo ya sake fitar da 'yar ƙaramar NES mai wasa 30 a 2016, kuma gidan tarihi na Strong da ke Rochester yana adana na'urori da kaset-kaset. Duk da haka wani bincike na 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. In haka ta faru ga na asali, ina ga na kwaikwayo, wanda ba kamfanin da ke amsa sunan ubansa? Namu sun tafi buhun 'yan gwangwan. Wasu ma ko an same su ba za su yi aiki ba: bindigar harbin agwagwa tana gane abin hari ne ta hasken da tsohuwar talabijin mai ƙeya ke walƙatawa, ba ta aiki da sabuwa mai faɗi.

6.0 KAMMALAWA

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa tarihin na'urorin wasan bidiyo, kamar yadda kamfanoni da marubutansu suka tsara shi, bai ɗauke mu ba, domin ya ƙirga abin da aka sayar ya bar abin da aka yi da shi. Mun kuma nuna cewa karkarar arewacin Kano ta karɓi na'urar bisa sharaɗinta a wajen zama da kallo da harshe, amma ta sallama mata kayan wasa da dokar wasa.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, sassan Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai su naɗi bayanan waɗanda suka buga waɗannan wasanni da waɗanda suka riƙe rumfunan, tare da kalmominsu da ba'arsu, tun suna tunawa. Ta biyu, a nemi ragowar na'urorin, musamman na kwaikwayon, a adana su a wuri irin Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, kusa da motar kara da 'ya'yan dara, domin yara ɗaya ne suka yi wasa da su duka. Ta uku, malaman Hausa da na kimiyyar kwamfuta su haɗa hannu. A Kamaru kamfanin Kiro'o Games ya fitar da wasan Aurion a 2016 bisa al'adun Afirka; Gizo da Ƙoƙi da Dodo ba su gaza ba. Sai dai muna jan kunne: duk wanda zai sa dara a na'ura, ya bar wa 'yan wasa ikon daidaita doka kafin a fara, kamar yadda suke yi a gindin bishiya. In bai yi haka ba, ya ɗauki gurbin ya bar darar.

Wannan dai tsokaci ne kawai, wasa farin girki. Muna fata gyare-gyaren mahalarta za su cike giɓin da muka bari.